Sauke littafin gyaran injin jirgi da aka daina bugawa: ya saɓa doka?

Assalamu alaikum. Ina gyaran ƙaramin kwale-kwale a lokacin hutuna, kuma injinsa na baya ya tsayar da ni cak. Yana tashi lafiya, amma da ya ɗan yi aiki sai ya ɗau zafi, ruwan da yake fesowa ta bayansa ya koma ɗiga-ɗiga. Na sauya farfelar robar famfon ruwa, na wanke hanyoyin ruwan, zafin bai ragu ba. Da na buɗe kan silinda na tarar gaskit, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan da jikin injin, ya ƙone. Sabo yana hannuna, sai dai ɗaure notunan yana buƙatar ainihin ma'auni da jerin da ake bi, in ba haka ba kan silindar ya lanƙwashe. Waɗannan lambobin suna cikin littafin gyara na kamfanin da ya ƙera injin, dillali kuma ya ce an daina buga shi tuntuni.

Na ga wani ya ɗora kwafinsa a intanet kyauta, ba da izini ba. Na san Yarjejeniyar Berne ta 1886, wato yarjejeniyar ƙasashe kan haƙƙin mallakar marubuta, tana kare rubutu ko ba a yi masa rajista ba, shi ya sa na dakata, don ba na son cin haƙƙin kowa.

Shin daina sayar da littafin ya halatta mini sauke shi don gyaran injina kaɗai?