Tafiya Japan ta kwana goma: in sayi JR Pass ko in riƙa yankar tikiti ɗai-ɗai?

Baƙon Hanya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina muna shirin ziyartar Japan na kwana goma, kuma wannan ne karonmu na farko. Za mu sauka a filin jirgin sama na Narita, mu yi kwana biyar a Tokiyo, sannan mu wuce Kiyoto da Osaka, mu dawo Tokiyo mu hau jirgin komawa gida. Wani abokin aikina da ya je can shekarun baya ya nace lallai in sayi tikitin nan na baƙi da ake kira JR Pass, na kamfanonin jiragen ƙasa na JR (Japan Railways), ya ce da shi mutum zai hau duk jirgin ƙasan da ya ga dama ba tare da ya sake fitar da kuɗi ba. Da na duba kuɗinsa sai jikina ya yi sanyi. Ina roƙon waɗanda suka san ƙasar su ba ni shawara, musamman ganin cewa ba ma jin yarensu, kuma muna ɗauke da manyan akwatuna biyu.

Ɗalibi a Osaka ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Abokin aikinka ya faɗi gaskiyar zamaninsa, amma lissafin ya canza. A watan Oktoba na 2023 aka ɗaga kuɗin tikitin kwana bakwai daga yen (kuɗin Japan) 29,650 zuwa yen 50,000. Tafiya daga Tokiyo zuwa Kiyoto a jirgin ƙasa mai tsananin gudu da ake kira Shinkansen, da kujerar da aka keɓe maka, tana kamawa wajen yen 14,000, wato zuwa da dawowa kusan 28,000 ke nan, tsakanin Kiyoto da Osaka kuwa tafiyar rabin awa ce a jirgin JR na yau da kullum, kuma kuɗinta bai kai yen 1,000 ba. Ko ka haɗa da jirgin Narita Express da zai kawo ku cikin gari, ba za ka taɓo 50,000 ba.

Sannan maganar cewa ana hawa kowane jirgi da shi ba daidai ba ce. Kamfanonin JR kaɗai yake yi wa aiki. Jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo ba nasu ba ne: layuka tara na Tokyo Metro ne, huɗu na Toei, kuma nan ne baƙo ya fi yawan zirga-zirga. Hatta a Shinkansen, mai wannan tikiti ba ya hawa Nozomi, wanda ya fi sauri kuma ya fi yawan tashi, sai ya biya ƙari, in ba haka ba ya jira Hikari, wanda bai kai shi sauri ba.

Abin da kuke buƙata tun daga filin jirgi shi ne katin Suica ko Pasmo, kowa da nasa. Ana zuba masa kuɗi a na'urar tasha, yawanci da tsaba, a ɗora shi a ƙofa lokacin shiga da lokacin fita, na'ura ta cire kuɗin gwargwadon nisan tafiyar. Tun 2013 katunan manyan yankuna suke aiki a madadin juna, don haka wanda ka saya a Tokiyo zai yi maka aiki a bas ɗin Kiyoto da jiragen Osaka. Akwai Welcome Suica na baƙi, wanda yake aiki kwana 28, sai dai ba a mayar da ragowar kuɗin da ke ciki, kada ka cika shi fiye da kima a kwanakin ƙarshe.

Dattijon Matafiya ya amsa:

Ɗana ya yi lissafi mai kyau, ban ƙi ba, amma ban yarda a yi watsi da tikitin gaba ɗaya ba. Wanda zai kai Hiroshima, ya dawo ya nufi arewa, duk a cikin mako guda, zai iya fanshe kuɗinsa, kuma akwai kwanciyar hankali ga dattijo irina idan ya san cewa in jirgi ya wuce shi zai hau na gaba. Tafiyar Malam dai ba ta kai nan ba.

Ni abin da ya ba ni wahala a zuwana na farko shi ne rabe-raben jirage a layi ɗaya. A dandamali guda za ka ga mai tsayawa a kowace tasha, da mai tsallake wasu, da mai tsallake mafi yawansu. Na taɓa faɗawa cikin wanda na tarar a tsaye don gudun jira, ina ji ina gani ya wuce tashata a guje. Laifina ne, domin allon da ke sama yana nuna irin jirgin da Turanci. Ka kuma riƙe lambar tasha maimakon sunanta, domin kowace tana da harafi da lamba. Ginza a layin Ginza, alal misali, G09 ce. Kuma Shinkansen ba ya shiga tashar Osaka, a Shin-Osaka yake tsayawa, sai ka sake wani jirgin na 'yan mintoci.

Uwar Tagwaye ta amsa:

Malam, ba wanda ya taɓo maganar akwatunan, alhali su ne za su fi wahalar da ku. A layin Tokiyo zuwa Osaka, tun watan Mayu na 2020, duk akwatin da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa suka haura santimita 160 in an haɗa, dole ne mai shi ya kama kujera mai wurin ajiye manyan kaya tun wajen yankar tikiti. Kama ta ba ya ƙara kuɗi a kan kujerar da aka keɓe, amma wanda ya shiga da irin wannan kaya bai kama ba zai biya yen 1,000. Ku auna naku tun a gida. Mu da muka je da yara, mun ba da akwatunanmu a otel aka aika su otel na gaba, washegari muka same su, kuma yawancin otel-otel suna taimaka wa baƙo ya cike takardar.

Kada ku kuskura ku shiga jirgin cikin Tokiyo da kaya tsakanin ƙarfe bakwai da rabi da ƙarfe tara na safe a ranakun aiki. Ka gaya wa Hajiya cewa a irin wannan lokaci layuka da dama suna da taragon mata zalla, da alamarsa a jikin ƙofa da kuma ƙasan dandamali, kai ma ka lura kada ka bi ta ciki. Ba a amsa waya a cikin tarago. Jirage kuma suna daina aiki wajen ƙarfe goma sha biyun dare har zuwa wajen biyar na asuba, kuma tasi a can ba abin wasa ba ce.

A Kiyoto bas za ku fi hawa, kuma a yawancinsu ta baya ake shiga, a biya a gaba wajen direba lokacin sauka, saɓanin bas ɗin tsakiyar Tokiyo da ake shiga ta gaba a biya tukuna.

Baƙon Hanya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fasa sayen tikitin. Na kuma ɗauko magwaji na auna akwatunan kamar yadda Uwar Tagwaye ta ce: nawa santimita 148 ne, na maiɗakina kuwa 166, don haka ko dai mu kama waccan kujerar ko mu aika shi ta otel. Saura tambaya ɗaya ga ɗan'uwanmu na Osaka: tikitin Shinkansen ɗin, in yanke shi tun ranar da muka sauka a Narita, ko zan iya bari sai ana gobe za mu tashi?