Hazo ya rufe Garwa da Marwa, ana ta watsi da rahoton tafiyata

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina Garwa, ina tuƙa Boeing 737-800 a X-Plane, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama a kwamfuta, ƙarƙashin wani kamfanin jiragen sama na intanet. Sau uku ke nan ana watsi da rahoton da nake miƙa wa kamfanin bayan tafiyata daga Duwala zuwa Garwa, abin ya ishe ni.

Lissafin mai na yi shi yadda aka saba: man tafiya, ƙarin kashi 5 cikin ɗari, man zuwa filin ko-ta-kwana da za a nufa idan sauka a Garwa ta gagara, wato Marwa-Salak, sai ajiyar ƙarshe, wato man shawagin minti 30 da ya kamata ya rage a tanki lokacin sauka. Da yake ina kunna yanayi na ainihi, hazon hunturun nan ya lulluɓe Garwa, na sauko ƙasa-ƙasa ko fitilar titin sauka ban hango ba. Na sake ɗagawa, na yi shawagi minti 15, hazon bai yaye ba. Marwa kuwa kusa take, hazo ɗaya ne ya rufe su. Dole na nufi Injamena, na sauka da kilo 900 a tanki, alhali ajiyar da ke takardar tafiyata ta haura 1,100.

Na gwada ƙara tan ɗaya tun daga Duwala, aka rage mini maki wai na yi lodin mai fiye da kima. Na rage shawagin zuwa minti 5, duk da haka na taɓa ajiyar.

Don Allah, idan Garwa da Marwa duk sun rufe, kilo nawa ya kamata ya rage a tanki in bar shawagi in nufi Injamena ba tare da na taɓa ajiyar minti 30 ba?