Ɗalibina ya fi kowa maki, amma intabiyu ta kayar da shi. Ta ina za mu gyara?

Malamin Lantarki:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 11 ke nan ina koyar da injiniyan lantarki a jami'a, kuma wani abu da ya faru makon jiya ya tsaya min a rai. Ɗalibin da na duba wa aikin shekarar ƙarshe, yaron da ya haɗa inbata da hannunsa tun daga zane har gwaji, ya je intabiyu. Suka ce ya yi musu bayanin aikin cikin minti biyu, kamar yana yi wa wanda bai san lantarki ba. Sai ya sunkuyar da kai ya kama jero lissafi. Wata daga cikinsu ta katse shi ta ce, "To, wa wannan zai amfana?" Ya ce min bakinsa ya mutu. Wanda makinsa bai kai nasa ba aka ɗauka.

Ni dai namu laifin nake gani. Duk shekarun nan daga shi sai takarda muke auna shi, ba mu taɓa tsayar da shi gaban mutane ba sai ranar kare aikin. Shin kwas na musamman za mu buɗe kan iya magana, rubutu da aiki tare, ko cikin kwasa-kwasan da muke da su za mu cusa?

Injiniyar Ruwa:
Wa alaikumus salam Malam. Ina cikin masu yi wa sababbin ma'aikata intabiyu a wurin aikinmu, don haka na san irin yaron nan. Kada ku buɗe kwas daban. Na yi irinsa ina ɗaliba, mun haddace ma'anar "sadarwa" mun rubuta a jarrabawa, shi ke nan. Abin da nake nema wajen sabon injiniya ƙanƙane ne: ya rubuto min rahoto shafi ɗaya da zan karanta in yanke shawara, kuma in ya lura da kuskure a zanen wanda ya girme shi ya iya faɗa cikin ladabi, kada ya yi gum. Na biyun ya fi wuya. Kuma ba ƙaramin abu ba ne: a 1999 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda rukuni ɗaya ya miƙa lissafi da ma'aunin fam, ɗayan kuma ya ɗauka nyuton ne, wani ma'aunin ƙarfi daban. Kowa a cikinsu ya iya lissafi.

Mai Neman Aiki:
Malam, da girmamawa, kada a ɗora mana komai. Na gama kimiyyar sinadarai shekara biyu da suka wuce, takardun neman aiki da na tura sun fi 40, sau biyu kawai aka kira ni. Ko da bakina ya fi na kowa zaƙi, wa zai ji shi in ba a kira ni ba? Guraben ne ba su da yawa.

Tsohon Shugaban Sashe:
Ɗana Mai Neman Aiki, gaskiyarka, koyar da magana ba ya ƙirƙirar gurbi. Amma sau biyun nan da aka kira ka, su ne muke so kada su tafi a banza.

Malam, wannan ba sabuwar muhawara ba ce. Hukumar ABET mai tantance kwasa-kwasan injiniya a Amurka ta daɗe da sa iya sadarwa da aiki cikin rukuni a sharuɗɗan da dole ɗalibi ya fita da su. A shekarar 2000 jami'ar MIT ta Amurka da jami'o'i uku na Suwidin suka fara wani tsarin koyar da injiniya mai suna CDIO, inda ɗalibi ke koyon waɗannan yana tsaka da ƙera abu. Jami'ar Aalborg ta Denmak kuwa tun kafuwarta a 1974 ɗalibanta ke yin aiki rukuni-rukuni kan matsala ta gaske. Duk hanya ɗaya suka bi, cikin darasi suka sa.

Sai dai ka kula da abu guda, don ya taɓa cizona. In ka ba rukuni maki ɗaya, mutum ɗaya zai yi aikin, mai baki ya yi bayani, uku su ɓuya a baya. Daga baya ƙuri'a na koma jefawa a ranar gabatarwa, wanda ta faɗa kansa shi zai tashi, kuma makinsa na kowa ne. Kafin sati uku sai ga su suna zaunar da junansu suna bita. Sannan ka ware maki na gaske, ko da 15 cikin 100 ne. Abin da ba shi da maki ɗalibi ba ya kallonsa.

Malamin Lantarki:
Na gode ƙwarai, Baba. Zangon nan zan gwada a darasin ɗakin gwaje-gwaje: bayan kowane gwaji, minti biyu na bayani da ƙuri'a, sai rahoto shafi ɗaya. Hajiya Injiniya, ko za ki ba mu awa ɗaya ta Zoom ki yi wa biyar daga cikinsu intabiyu ta gwaji, sauran suna kallo? Yaron nan ma zan kira shi ya zo.