Yaya ake zama kocin besbol a jami'o'in Amurka, kuma ina amfanin gasar bazara?

Mai tambaya:
Salamu alaikum jama'a. In ka duba tarihin kocin besbol na jami'a a Amurka, sau da yawa sai ka ga an rubuta ya horar da wata ƙungiya a gasar bazara, ko a Cape Cod ko a Alaska. Aiki biyu ne daban ko ɗaya ne? Kuma daga ina mutum yake farawa har ya kai babban koci?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam Malam. Aiki biyu ne, amma ɗaya na ciyar da ɗaya. Kakar jami'o'in rukunin farko na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, tana farawa tsakiyar Fabrairu, wasa 56 ne iyaka kafin zagayen fitar da gwani, a ƙare da wasannin cin kofi a birnin Omaha na jihar Nebraska cikin Yuni. Da an rufe makarantu sai ɗalibai su watsu zuwa ƙungiyoyin bazara, daga Yuni zuwa Agusta. Gasar Cape Cod ta jihar Massachusetts ƙungiyoyi goma ce, ita ce mafi daraja. Ta Northwoods, wadda aka fara a 1994, wasa wajen 70 ake bugawa, kusan kullum ana fili ko ana cikin bas.

Matakan kuwa: tsohon ɗan wasa yakan fara da ƙaramin mataimaki, yana karatun digiri na biyu yana taya aiki, ko ya fara a kwalejin shekara biyu. Da can akwai kujerar mataimakin sa-kai, wanda jami'a ba ta ba shi albashi, kuɗin sansanin horar da yara yake ci. An soke ta a Yulin 2023, aka yarda a ɗauki mataimaka uku masu albashi. Daga nan sai ya riƙe ɓangare guda, ko masu jifa ko masu bugu, sannan ya zama mai kula da farautar 'yan wasa. Wannan ta ƙarshe ita ce ƙofar zama babban koci. Bazara kuma ita ce inda ƙaramin mataimaki yake fara riƙe ƙungiya da kansa: shi zai rubuta jerin masu bugu tara, shi zai yanke lokacin cire mai jifa.

Amsa ta biyu:
Bari in ƙara a kan aikin bazarar, don nan ne sababbi suke tuntuɓe. Yaran nan duk na aro ne. Kocin jami'a yakan turo mai jifa da sharaɗi, a ce kada ya wuce zagayen jifa kaza duk bazarar, kada ya wuce jifa kaza a wasa ɗaya, a ba shi hutun kwana kaza tsakani. Dalili, yaron da ya sha jifa tun Fabrairu jijiyar gwiwar hannunsa ta gaji, in ta tsinke sai tiyatar da ake kira Tommy John, jinyarta kan kai shekara ɗaya ko fiye. Kocin da ya karya sharaɗi don ya ci wasan daren Talata, baɗi babu mai turo masa kowa, kuma labarinsa zai riga shi isa duk inda ya nemi aiki.

Sai batun sanda. A jami'a ta ƙarfe ake bugu da ita, a Cape Cod da Northwoods ta katako. Gurbin da ke ba da bugu mai kyau a jikin katako ƙarami ne, in ƙwallo ta sami sandar kusa da mariƙi sai ta tsage, hannu ya yi ta zogi. Makon farko za ka ga gwanin bugu ya rikice, yana ƙara ƙarfi alhali gajarta lilon ya kamata ya yi. Kada koci ya rushe masa salon da jami'arsa ta gina, ya gyara lokacin sauke ƙafa da riƙo kawai.

Jerin 'yan wasa ma ba ya zama wuri ɗaya. Waɗanda ƙungiyarsu ta kai Omaha sukan iso a makare, shi ya sa ake ɗaukar 'yan wucin gadi. A Yuli kuma, tun 2021, manyan ƙungiyoyin MLB, babbar gasar ƙwararru, suke zaɓen sababbin 'yan wasa, zagaye 20, sai ka wayi gari mai jifarka ya tattara kaya. Mai hankali tun kaka yake buga waya yana cike gurabe, yana ajiye sunaye na ko-ta-kwana. Ga gidajen da ke saukar da yaran kyauta, in yaro ya saɓa dokar gida koci ake kira.

Amsa ta uku:
Gyara kaɗan ga ɗan'uwa na farko: ba kowa ne bazara ta zame masa tsani ba. John Schiffner malamin sakandare ne, ya riƙe ƙungiyar Chatham a Cape Cod daga 1993 zuwa 2017. Mike Roberts kuwa sai da ya gama shekarunsa a jami'ar North Carolina sannan ya karɓi ƙungiyar Cotuit a Cape Cod.

A jami'a abin da ke korar koci shi ne lissafin 'yan wasa. Shekara da shekaru tallafin karatu 11.7 kacal ake rabawa tsakanin yaran ƙungiya, wannan ya sami rabi, wancan kwata. Daga 2025 makarantun da suka shiga sabon tsarin biyan 'yan wasa an ƙayyade musu 'yan wasa 34. Tun 2021 kuma ɗalibi na iya sauya jami'a ba tare da zaman shekara babu wasa ba, don haka wanda ka horar sai ka sake lallashinsa kowane Yuni. Yawan nasara ma ba ya ba da kofi: Mike Martin ya ci wasa 2,029 a Florida State bai taɓa ɗaukar kofin Omaha ba, Augie Garrido ya ɗauka sau biyar, uku a Fullerton biyu a Texas.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Daga jami'a ana iya tsallakawa kai tsaye zuwa MLB?

Amsa ta uku:
Da wuya, amma ta faru. A Oktoban 2025 San Francisco Giants suka ɗauko Tony Vitello daga jami'ar Tennessee, wanda ya ci kofin 2024. Pat Murphy na ƙungiyar Milwaukee ta MLB kuwa, bayan Notre Dame da Arizona State, sai da ya bi ta ƙananan ƙungiyoyin ƙwararru tukuna.