Lefen ƙanena: Dubai, Saudiyya, Istanbul, ko in tsaya a Kwari?

Maman Hanifa, Gesse:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, kaina ya ɗau zafi. Ƙanena zai yi aure bayan Babbar Sallah, kuma tunda Inna ta rasu ni ce uwa, sai ya danƙa min haɗa lefe. Shinkafa yake saye a Suru da Argungu yana kai wa masu injin casa, bana Allah ya sa albarka, ya ware naira miliyan 20. Yarinyar 'yar babban gida ce, yayarta da aka aurar bara akwati 12 aka kai mata, har yau ana zancen sarƙarta. Gwaggonmu ta rantse sai Dubai. Ƙawata ta ce Dubai ta zama ta kowa, Istanbul ake yayi. Maigidana kuwa dariya ya yi, ya ce duk abin da zan sayo a can yana nan jibge a Kantin Kwari. Ni banda Hajjin da na yi a 2019 ban taɓa wuce Abuja ba. Waɗanda suka san garuruwan nan, ina ya fi?

Hajiya Mai Gwal, Badariya:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya sanya alheri, ya jiƙan Inna. Shekara 16 ina wannan safarar, bari in fara da gwal tunda shi zai ci rabin kuɗinki.

A Dubai kasuwar gwal tana Deira. Farashin giram na ranar yana rubuce a allo, ko wane shago kika shiga shi ne dai, ba a tayawa. Abin da ake ciniki a kai shi ne ladan ƙira, kuma nan ake yanka baƙo. Ki sa ya ɗora a sikeli a gabanki, ya faɗi giram nawa, ya ware miki kuɗin gwal daban, ladan ƙira daban, duk a rubuta a rasit. Sannan ki juya maƙullin sarƙar ki karanta lambar da aka buga: 916 karat 22 ne, 875 karat 21, 750 karat 18. Mutanenmu mai karat 21 suka fi so, irin na Saudiyya. Mai 18 ya fi ƙwari kuma ƙirar Italiya tana da kyau a wuya, amma ranar da amarya ta matsu ta kai wa maƙeri za ta ga bambanci. Kada ki yarda da mai duwatsu da yawa. Ranar saye ana auna miki dutsen da kuɗin gwal, ranar sayarwa a cire shi a ajiye gefe.

Tsakanin Dubai da Saudiyya, gwal ɗin dai ɗaya ne, farashin duniya ne. Haraji ne ya bambanta: Dubai kashi 5 cikin ɗari, kuma baƙo yana iya karɓo mafi yawansa a filin jirgi in shagon ya yi masa rajista. Saudiyya kuwa tun Yulin 2020 suka mayar da nasu kashi 15. A sarƙar giram 50 wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Amma ki yi lissafi da dala kafin ki ɗau fasfo. Dirhami 3.67 ne dala ɗaya, riyal 3.75, ba sa motsi, nairarmu ce ke zamewa. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen 460 a banki, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Shi kansa gwal a Maris ɗin 2025 ya ƙetare dala 3,000 kowace oza, wato kusan giram 31. Miliyan 20 a Birnin Kebbi kuɗi ne, in kika tsaya gaban allon Deira sai ki ga sun ƙanƙance.

Ummu Affan, Gusau:
Hajiya ta gama magana. Ni abin da ke ba ni dariyar takaici, gwal ɗin Anka da Maru ake kwasa a fita da shi, mu kuma mu biya jirgi mu bi shi can mu sayo.

Anti Zee, Abuja:
Maman Hanifa, ki fara tambayar biza tukuna. Daga ƙarshen 2022 Dubai ta daina ba 'yan Najeriya, sai Yulin 2024 aka buɗe, jirgin Emirates ma sai 1 ga Oktoban 2024 ya dawo Legas. An buɗe ɗin, amma sharuɗɗan ba irin na da ba ne da ake cewa kawo fasfo jibi ki tashi. Ki haɗa tikiti, biza, otal na kwana biyar, abinci, tasi, da kuɗin awon kaya in kin wuce jaka biyu masu kilo 23. Wannan kuɗin akwati nawa ne a Kano?

Dubai Mall kuwa wurin kallo ne, shago sama da 1,200. Na shiga wajen Chanel da Louis Vuitton na ga jakar da kuɗinta ya fi rabin lefenki, na ce Allah ya amfana na fito. 'Yan uwanmu masu haɗa lefe kasuwar Naif suke zuwa, can abaya da mayafai da takalma suke da araha. A nan Abuja akwai Jabi Lake Mall da shagunan Wuse 2, kayan suna da kyau, sai dai kuɗin hayar shagon ma ke za ki biya a cikin farashin.

Maman Khalil, Jega:
Zancen Istanbul ni na je sau biyu. In takalma ne, jakunkunan fata, dogayen riguna, kayan barci, tawul da zanin gado, babu na biyunsu. Laleli da Osmanbey da Merter nan ne wajen sari, amma yawanci jeri suke sayarwa, riga ɗaya daga ƙarama har babba, ke kuma mace ɗaya za ki yi wa sayayya. Manyan shaguna suna Nisantasi, can ma kallo na yi. Tsohuwar kasuwarsu mai rufi, wadda aka gina tun ƙarni na 15, ta cancanci a gani, shaguna kusan 4,000. Wani mai shago ya ba ni shayi a ɗan kofin gilashi, ya yi ta kirana 'yar uwa, na sayi jaka mai tambarin babban kamfani ina murna. Wata uku hannun ya fara ɓarewa kamar bawon albasa. Laifina ne, kuɗin da na biya ai ya isa ya gaya min ba ta asali ba ce. Kuma ki sani ba za ki samu atamfa ko shadda ta kirki a can ba, alhali su ake fara ɗagawa ranar buɗe lefe.

Baban Yusra:
A yi min afuwa, na san zauren mata ne, uwargida ce ta miƙo min waya ta ce in sa baki tunda shekara 11 na yi a Kwari. Hajiya, maigidanki ya fi kowa gaskiya a kan zannuwa. Super da Holan ba Dubai ake yin su ba, kamfanin Vlisco ne ke buga su a garin Helmond na ƙasar Holan. Shaddar Gezna ta kamfanin Getzner daga Ostiriya take, manyan lesuka ma Ostiriya da Siwizalan. Don kasuwarmu ta Afirka ta Yamma ake yin su, don haka nan suka fi yawa, nan sabon zane ke fara sauka: Kwatano, Lome, Balogun a Legas, da Kwari. Wanda ya je Dubai neman Super ya bar gida ya tafi daji neman gishiri.

Da can mutanenmu na Kamba kan bi ta Gaya ta Nijar su haye Malanbil ta ƙasar Benin su gangara Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 700, su saro a kasuwar Dantokpa. Tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 wannan hanya ta rikice, ga sefa ta yi tsada, ban ba ki shawararta ba.

Matsalar Kwari ɗaya ce, na asali da na kwaikwayo suna rataye kafaɗa da kafaɗa, kuma 'yan Sin sun ƙware. Ki duba lambar zanen da ke gefen turmi, ta zo ɗaya da wadda ke jikin takardar da aka manna. Ki juya bayan atamfar, ta asali ciki da waje kusan ɗaya ne. In an ce miki Super ce amma an rage miki rabi don Allah, ki ajiye. Gezna kuma ki ɗaga ta a haske ki ga sunan a saƙe a gefe, ki murza ki ji nauyi. Kada ki bi yaran da ke tarar mutum a bakin ƙofa, nasu kason yana cikin kuɗinki.

Hajiya Inna, Argungu:
Ɗiyata, wanga zamani dai! Mu lefenmu kwalla ce da fantimoti guda, ga mu nan shekara 41. Amma tunda an ce a yi, turare ki bar ma Saudiyya. Shagunan Abdul Samad Al Qurashi da Arabian Oud suna nan kewaye da Harami, ba sai kin nema ba. Humra da turaren wuta kuwa ki nemi 'yan Maiduguri, Balarabe bai iya irin tasu ba.

Maman Khalil, Jega:
Inna, fantimoti! Wallahi kin tuna min da na mahaifiyata, har yanzu yana ƙarƙashin gado cike da zannuwan da ba ta taɓa ɗinkawa ba.

Anti Zee, Abuja:
Wani abu kuma, ki bincika ta ƙarƙashin ƙasa ko amaryar ma tana sa atamfa. Ƙanwar maigidana turmi 30 aka zuba mata, ita kuwa abaya ce rayuwarta. Ki aiki wata ƙawarta ta jiyo miki lambar takalminta da kalolin da take so. Na ga lefen da aka sayo takalma 14 lamba 38, amarya tana sa 41.

Maman Hanifa, Gesse:
Kai, Allah ya saka da alheri, kun sauke min dutse. Na karanta wa ƙanena duka, ya ce in yi yadda na gani. Ga inda na tsaya: Dubai na fasa zuwa da ƙafata. Atamfa, leshi, shadda da akwatunan kansu Kano zan je, kwana uku ya isa, Baban Yusra zan nemi uwargidanka ta haɗa ni da shagon da ka yarda da shi. Turare da abaya, matar yayan maigidana za ta Umara cikin azumi, zan ba ta saƙo. Istanbul sai wani jiƙon. Akwati kuma takwas zan yi masu nauyi, ba zan yi gasar 12 ba.

Saura gwal da Gwaggo. Hajiya Mai Gwal, yaushe za ki tashi, kuma nawa kike ɗorawa a giram? Gwaggo kuwa ta riga ta gaya wa rabin unguwa cewa lefen Dubai za a kai, ban san ta inda zan ɓullo mata ba.

Hajiya Mai Gwal, Badariya:
Farkon watan gobe in Allah ya yarda. Zancen kuɗi ba a nan ba, ki zo gida ranar Alhamis bayan la'asar in nuna miki rasit ɗin tafiyar da ta wuce ki ga yadda ake rubuta shi. Ki taho da Gwaggo, ita za ta zaɓi ƙirar sarƙar a waya. Sarƙa dai daga Dubai za ta fito, ba ta yi ƙarya ba.