Hoton jirgin ƙasa a Abuja: kyamara zan canza ko lensi zan ƙara?

Ɗan Kubwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Canon 600D ta hannu da ƙaramin lensinta 18-55, da ita nake hoton biki da suna. Kwanan nan zuciyata ta karkata ga jirgin Abuja zuwa Kaduna, tunda ta bayan unguwarmu yake wucewa. Sai dai ko kan jirgin ya fito dishi-dishi, ko kuma ya ƙanƙance can nesa. Na ɗan tara kuɗi. In canza kyamara ne ko in ƙara lensi? Wanda ya taɓa harkar ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Baban Yusra

Wa alaikumus salam. Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna, 600D ba ta yi maka laifi ba. Na tabbata a Auto kake barinta, ita kuma ba ta san abin da ke gabanta gudu yake yi ba. Yi lissafi: jirgin da ke tafiyar kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Idan shota, wato ƙofar da ke buɗe wa haske ta rufe, tana kan 1/250 na daƙiƙa, kafin ta rufe ya matsa santimita 11, dishi-dishin da kake gani ke nan. A 1/1000 motsin bai kai santimita 3 ba.

Ni abin da nake yi, ina juyawa zuwa M, inda ni ke saita komai da hannuna, shota 1/1000, buɗin lensi f/8, ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 400 da safe, in rana ta ɗaga in sauke zuwa 200. Idan jirgin fuskantarka yake yi, 1/500 ta wadatar, gilmawa ta gefe ce ke son sauri. Kuma ka gama saitinka kafin ka ji ƙararsa, ka gwada a kan layin dogon babu kowa, ka duba, ka gyara. Jirgin nan ba kowane lokaci yake wucewa ba, in ya kuɓuce maka sai ka yi zaman jiran sa'o'i.

Mai Nikon na Dei-Dei

Na yarda da Baban Yusra a kan M, kuma ga dalili. Fitilar gaban jirgi a kunne take ko da rana tsaka. Da zarar ta shigo tsakiyar hoto, kyamara sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, duk taragun su yi duhu. Na sha ganin haka a Nikon D5300 ɗina lokacin da nake amfani da S, inda kai ke zaɓar shota, kyamara ta zaɓi buɗin lensi. A M kuwa fitilar ba ta da iko a kan saitinka.

Amma lensi, gaskiya ka ƙara. Dogon lensi mai jawo nesa, 70-300, nake riƙewa, kuma shi ya ba ni hoton da na fi so, jirgi na lanƙwasa, taragu sun jeru a bayansa sun cika hoton. A Canon ɗinka 55-250 ya fi araha, kuma saboda ƙaramin sensa, wato ɓangaren da ke karɓar haske a cikin kyamara, 250 ɗin tana aiki kamar 400.

Baban Yusra

Malam, dogon lensi a Abuja sai da sharaɗi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ya tsaya tsakaninka da jirgi, duk nisan da ka jawo, ƙurar da ke tsakani ce ka jawo tare da shi. A Maris da Afrilu kuma zafi na tashi daga ƙarfen dogo da tsakuwar layi, hoton ya riƙa kawalwalniya, kuma babu lensin da ke maganin wannan komai tsadarsa. Dogon lensina sai damina nake fito da shi, bayan ruwa ya wanke sararin sama, duwatsun bayan Kubwa sun fito tas, ciyawa ta yi kore. Sauran watanni 50mm f/1.8 ne a jikin kyamarata.

Mai Nikon na Dei-Dei

Wannan gaskiya ne, shi ya sa ba na wuce ƙarfe tara na safe. Amma hazon nan ni ba na ƙinsa gaba ɗaya. Fitilar jirgi na ɓullowa daga cikinsa da sanyin safiya hoto ne da damina ba za ta ba ka ba. A RAW nake ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, in na koma gida in ɗan ƙara masa kaifin launi. Abu guda, kada ka kuskura ka canza lensi a fili lokacin hunturu. Shiga mota ka rufe gilashi, in ba haka ba ɗigon ƙura zai bi duk hotunanka, musamman a f/11 zuwa sama.

Maman Iman

Sannunku da ƙoƙari. Ni daga cikin jirgi nake nawa, domin aiki na yawan kai ni Kaduna, daga Idu zuwa Rigasa, kilomita 186. Waya kawai nake amfani da ita. Abin da na koya shi ne in manna ta jikin gilashin taga, in kare gefe da mayafina don kada fitilun cikin tarago su fito a hoton. Abin da ke kusa da layi, bishiya ko turke, a karkace waya ke fito da shi, don haka nesa nake nufa: gonaki, garken shanu, duwatsu wajen Jere. Kuma don Allah a kiyaye fuskokin fasinjoji. Ba kowace mace ke son ta ga kanta a Facebook tana gyangyaɗi ba.

Injiniya na Lugbe

Karkacewar da Hajiya ta faɗa ba a waya kaɗai take ba. Sony a6400 nake riƙewa, kuma in na sa shota marar ƙara, sensa layi-layi take karanta hoton daga sama zuwa ƙasa, sai tagogin tarago su fito a jirkice. Ga jirgi mai gilmawa, shota ta ƙarfe mai ƙara ita ce daidai.

Ɗan Kubwa, don koyo ina ba ka shawarar jirgin cikin gari, wanda ya dawo aiki a Mayun 2024, mai bi ta Idu zuwa filin jirgin sama. Ba ya gudu sosai. A kansa na koyi bin jirgi da kyamara: shota 1/40, ƙafafu a kafe, kugu ne ke juyawa, ka ci gaba da binsa har bayan ka danna. Jirgin ya fito tar, bayansa ya zama zane-zane. Yawanci za su lalace, kada ka damu. Da rana sai ka rufe zuwa f/16 ko f/22 a ISO 100, saboda hasken yana yi wa wannan shota yawa.

Fokas kuma, 600D tana da ɗigon fokas 9, na tsakiya ne mai ƙarfi. Sa AI Servo, wato fokas mai bin abin da ke motsi, ka ɗora ɗigon tsakiyar a ƙasan fitila, inda akwai rubutu ko layin fenti. Ko ka yi fokas a wurin da kake son jirgin ya iso, ka kashe fokas mai sarrafa kansa a jikin lensi, ka jira. Hoto kusan huɗu take yi a daƙiƙa, saboda haka kada ka fara dannawa tun yana nesa, sai ma'ajiyarta ta cika ta tsaya daidai lokacin da ya iso.

Malam na Karmo

Yarana, duk kun yi maganar ƙarfe, ku bari in yi ta rai. Tun harin 28 ga Maris 2022, wanda ya sa aka dakatar da jirgin har Disamban shekarar, mutum tsaye a gefen layi da dogon lensi abin tambaya ne, kuma masu tambayar suna da hujja. Ni nakan je wurin jami'an tasha in gaisa, in nuna katina, in faɗi abin da ya kawo ni. In an ce a'a, in mayar da kyamara jaka. Ba na ɗaukar jami'an tsaro, ba na tsallake shinge, ba na taka layi. Wanda idonsa ke cikin dogon lensi ba ya iya kintata nisa, zai ga jirgi kamar yana can, alhali ya iso.

Sai maganar rana. A hunturu kudu take karkata, don haka jirgin da ke dawowa daga Kaduna ne ke samun haske a fuska, mai tafiya kuwa fuskarsa a inuwa take.

Ɗan Tudun Wada, Jos

In hanya ta kawo ka Jos, ka leƙa harabar gidan tarihi. Akwai ragowar kayan ƙaramin layin dogon da ya haɗa Zariya da Bukuru a 1914 don jigilar kuza, aka rufe shi a 1957. Faɗin layin ƙafa biyu da rabi ne kacal. Su ba sa motsi, 18-55 ɗinka ya ishe su. Ka zo da matsayin kyamara mai ƙafa uku, ISO 100, f/8, ka matsa kusa da tayoyi da tsatsar jikinsu. Safiya mai gajimare ta fi, baƙin ƙarfe ba ya son rana mai zafi.

Ɗan Kubwa

Allah ya saka da alheri. Kyamara ta zauna. Zan fara da M da 1/1000 a kan jirgin da ke dawowa daga Kaduna, bayan na gaisa da mutanen tasha kamar yadda Malam na Karmo ya ce. 55-250 kuma sai ruwa ya sauka. Injiniya, in za ka fita jirgin cikin gari ranar Asabar, ina so in biyo ka in ga yadda kake juya kugun nan.