Lambar waya a jikin gilashi: tana halasta toshe motar wani ranar Juma'a?

Maƙwabcin Masallaci: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku taya ni godiya ga Allah, jiya Juma'a iyalina ta sauka lafiya, an samu mace. Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai, ina so a tattauna shi. Gidanmu a unguwar Bawadi yake a nan Jidda, layi ɗaya tsakaninmu da masallacin Juma'a. Ana kiran salla haihuwa ta taso gadan-gadan. Na sauko da gudu in tayar da mota, na tarar wani ya gicciya Hilux a bayana, gabana kuma bango. Ya bar lambarsa a gilashi. Na kira sau tara, wayar a kashe. Minti talatin da biyar ina tsaye a rana, ita tana sama tana murƙususu, har Allah Ya kawo wani maƙwabci daga layin baya ya ɗauke mu. Da yamma na ga mai motar, na faɗa masa, sai ya ce, "Ai salla na je, kuma na bar lamba." Ko haƙuri bai ba ni ba. Don Allah, wannan hujja ce?

Kawu Direba: Wa alaikumussalam. Barka da arziki ɗana, Allah Ya raya, Ya ba mai jego lafiya. Rashin ba da haƙuri kuskure ne, wannan ban goyi baya ba. Amma zan faɗi abin da ba za ka so ji ba. A ganina wanda ya toshe ka don sallar Juma'a, ya kuma bar lambarsa, bai yi laifi ba. Shekarata ashirin da bakwai ina tuƙi a Jidda, haka na tarar ana yi, haka kowa ya yarda. Huɗuba da salla duka ba su cika wuce rabin sa'a ba. Mutum ya zo da tsohonsa da yara cikin wannan zafi, babu wurin fakin, ina zai kai motar? Wanda gidansa ke jikin masallaci ya san ranar Juma'a ce, tun hantsi ya kamata ya fitar da motarsa bakin titi.

Anti Nas: Barka ƙanina, Allah Ya raya mana. Kawu, da girmanka, ban yarda ba. Haihuwa ba ta sanar da ranar zuwanta, ciwon zuciya ma haka. Rabin sa'ar da kake gani kaɗan ce, a wurinmu ita ce tsakanin a ceci mutum da a rasa shi. Mace idan jini ya ɓalle mata, ko mutum ya sami shanyewar ɓarin jiki, da minti ake lissafi. Kuma kada a ce ai sai ya kira 997, lambar motar asibiti. Motar Hilal Ahmar, masu ɗaukar marasa lafiya, ta ina za ta shiga layin da aka jera motoci sahu uku? Na sha ganin an ɗauko mara lafiya a kan bargo daga tsakiyar unguwa zuwa babban titi saboda hanya a cushe take. Idan gobara ce kuma fa, motar Difa'ul Madani, wato 'yan kwana-kwana, ta fi wannan faɗi.

Kawu Direba: 'Yata, ba a gina hukunci a kan abin da ke faruwa sau ɗaya a shekara. Juma'a hamsin za ta wuce babu mai naƙuda a layin.

Anti Nas: Amma wanda ya toshe hanyar bai san wace Juma'ar ce ta hamsin da ɗayan ba, Kawu. Da ran wani yake yin cacar.

Ɗalibi: Barka yaya. Ni abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne maganar lambar. A ƙofar kusan kowane masallaci an rubuta a kashe waya, kuma daidai ne a kashe. To mutum ya rubuta lamba ya manna a gilashi, sannan ya shiga ya kashe wayar. Ke nan ya yi alkawarin da tun kafin ya rufe ƙofar motar ya san ba zai cika ba. Ko da wayar a kunne take, wa zai tsallake sahu goma ana tsakiyar huɗuba ya fito? Lambar tana da amfani a bakin baƙala (shagon kayan masarufi) ko wurin mai tamis (gurasa), inda za ka leƙo cikin minti ɗaya. A masallaci takarda ce kawai.

Malam: Barka da ƙaruwa, Allah Ya sa mahaddaciyar Alƙur'ani ce. Alhaji Kawu, ni ɗalibinka ne a harkar mota, amma a wannan mas'alar ka ba ni dama. Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Busr cewa wani mutum ya zo ranar Juma'a yana tsallake wuyan mutane, Manzon Allah (SAW) yana kan huɗuba, sai ya ce masa ya zauna, ya cutar. Wannan tsallake kafaɗa ne kawai, kuma mutumin lada yake nema, sahun gaba yake so. Duk da haka aka kira abin da ya yi cutarwa. Ina ga wanda ya kulle mutum da iyalinsa?

Sannan a Bukhari da Muslim, daga Abu Sa'id Al-Khudri, da sahabbai suka ce ba su da makawa sai sun zauna a bakin hanya, an ce su ba hanya haƙƙinta, kuma cikin haƙƙoƙin da aka lissafa akwai kame cuta. A nan ɗin dai, daga Abu Huraira, an hana zuwa salla da gaggawa, aka ce a zo da natsuwa, abin da aka samu a sallata, abin da ya wuce a cika. Yawancin masu gicciya mota makara suka yi. Sun ji liman ya hau mumbari, sai su jefar da motar inda ta faɗi. Makarar tasu ce, amma maƙwabcin masallaci ne ke biyan kuɗinta. Niyya kyakkyawa ba ta goge haƙƙin wani.

Kawu Direba: Malam, na karɓi hadisai, ba ni da ja. Amma ai akwai al'ada, kuma ku malamai kuna cewa abin da mutane suka saba a kai ana duba shi. Duk wanda ya kama haya kusa da masallaci ya san da wannan.

Malam: Ana duba al'ada idan ba ta ci karo da nassi ba, Alhaji. Kuma shirun maƙwabta ba yarda ba ce. Kunya ce take hana su magana, kada a ce suna faɗa da masu salla.

Maƙwabcin Masallaci: Wallahi Malam ka faɗi abin da ke raina. Shekara uku ina haɗiye wannan abu don kada a ce na tsani masallata.

Baba Dattijo: Barka jikana. Ku bar ni in kare Alhaji ta gefe ɗaya, don akwai gaskiya a bakinsa da ba ku taɓa ba. Tun da aka yi rusau a 2021 da 2022, Ghulail da Petromin da Karantina da Sabil da Kandara suka tashi, jama'a suka kwararo cikin unguwannin da suka rage. Benen da aka gina don iyali shida, da wurin mota huɗu a gabansa, yau motocin mazaunansa sun fi goma. Daga 2018 kuma mata suka fara tuƙi, gida ɗaya sai ka ga mota biyu ko uku. Layukan ba su ƙara faɗi ba. Saboda haka matsi gaskiya ne, ba ƙirƙira ba ce.

Amma Alhaji, ka tuna yadda ake yi a da. A Kantin Kwari, zamanin da nake zuwa sari, idan dole ta sa ka tare wani, sai ka bar motar a firi, ka sauke birkin hannu, ka miƙe tayoyi. Mai fita ya kira yara biyu su tura ta gaba kaɗan, ya wuce. Toshewar tana da mafita a cikinta. Motocin yanzu otomatik ne, da ka kashe ka zare makulli giya ta kulle, ƙarti goma ba za su motsa ta ba. Mun riƙe tsohuwar ɗabi'a, alhali abin da ya sa ake jure mata ya tafi.

Mai Baƙala: Barka malam. Ni kullum Juma'ata ce. Mutum zai ajiye mota a ƙofar shagona ya hau bene wurin 'yan uwansa, sa'a uku. Motar ruwa da ta madara su zo su rasa inda za su sauke kaya. Shi ya sa na sa akwatuna biyu da tukunyar gas a wurin, kuma ba zan ɗauke ba.

Ɗalibi: Yaya, da haƙuri, laifi tudu ne. Titin gaban shago ba na mai shago ba ne. Akwatunanka ma tare hanya ne, kuma idan wani ya kira 940, baladiyya, wato hukumar birni, za ta zo ta kwashe. Irin wannan kame wuri da duwatsu da kujeru na cikin abin da ke tura mutane yin dabal fakin.

Mai Baƙala: Ka zo ka tsaya a shagon kwana ɗaya, sannan ka yi mini wannan karatun.

Direban Gida: Barka yallaɓai. Ku ji ta bakinmu mu ma. Ni ba ni nake zaɓar inda zan tsaya ba. Uwar gida za ta ce tsaya nan a bakin ƙofa, minti biyar, ta shiga kanti. Idan na matsa ta fito ba ta gan ni ba, faɗa. Idan na tsaya murur, wato ɗan sandan hanya, ya rubuta tara, a cire daga albashina. Amma ko ni da nake ƙarƙashin wani, ban taɓa barin mota a bayan mutum na tafi ba. Ina ciki, inji a kunne, ana yi mini hon zan matsa. Ranar Juma'a kuwa nakan sauke maigida a ƙofar masallaci, in tafi can bayan makaranta in ajiye, in dawo da ƙafa. Minti bakwai ne. Kawu, tsoho ana sauke shi ne, ba sai motar ta zauna tare da shi ba.

Hajiya: Barka ɗana, a gaishe da mai jego, a ce ta riƙa shan kunun kanwa. Ni kukana a kan wurin naƙasassu ne. Ɗana a keken guragu yake. Wurin nan mai shuɗin fenti an yi shi da faɗi ne don ƙofa ta buɗe gaba ɗaya a sauko da keke. Sai ka ga saurayi lafiyayye ya faka a ciki, shi ma da irin wannan magana, "yanzu zan fito". Sau da yawa a tsakiyar hanya nake sauke yaron, motoci na hon a bayanmu, shi kuma yana jin kunya kamar shi ya yi laifi. Duk wanda ya ce yanzu zai fito, lokacin wani yake kashewa ba nasa ba.

Ɗalibi: Hajiya, wannan tararsa daga riyal 500 zuwa 900 ce, kuma janwe na iya ɗauke motar. Yaya, kai ma jiya da ka kira 911 ta gaggawa ko 993 ta murur, ko ka ɗauki hoto ka tura ta Kulluna Amn, manhajar kai rahoto ga jami'an tsaro.

Kawu Direba: A nan ne zan sake rabuwa da ku. Na yarda lamba ba ta da amfani idan waya a kashe take, ɗalibi ya kama ni a wannan. Na kuma ji maganar Baba ta giya. Amma kai ƙarar mutum ga hukuma don ya je salla, ban iya ba. Yawancin masu yin haka irinmu ne, baƙi masu iƙama, wato takardar izinin zama. Tara tana hawa Absher, manhajar gwamnati, kuma sai ka biya kafin a fitar maka da bizar fita da dawowa. Mai ɗaukar riyal 1500 a wata, a ja motarsa, ya biya tara ya biya kuɗin janwe, abincin 'ya'yansa ka taɓa. A yi masa magana, a haɗa shi da liman. Ni nan na tsaya.

Anti Nas: An yi masa magana, Kawu, ka ji amsar da ya bayar. Ni da ni ce zan kira, kuma ba zan ji na zalunce shi ba.

Malam: Ni ina tsakaninku. Idan rai na cikin haɗari a kira hukuma nan take, babu jira. Idan ba haka ba a fara da nasiha. Akwai limamin wani masallaci a unguwar da muke gaisawa, gobe bayan Isha zan same shi in roƙe shi ya yi tanbihi kafin huɗuba, a kuma samu matasa biyu su riƙa tsayawa a bakin layukan da ba su da mafita.

Kawu Direba: Wannan zan iya. Idan aka tsara, ni ma zan tsaya Juma'a ɗaya a wata, na san yadda ake magana da direbobi. Amma har yanzu ina nan a kan cewa ba mugunta ce ke sa su ba.

Maƙwabcin Masallaci: Ban ce mugu ba ne, Kawu. Na ce na kira sau tara. Na gode muku duka. Suna Juma'a mai zuwa ne in sha Allah, bayan La'asar, kowa da iyalinsa. Idan kun zo ku wuce gidan kaɗan, akwai fili a bayan makarantar 'yan mata, ƙanina zai tsaya a wurin ya nuna muku hanya. Layinmu ku bar shi a buɗe, matar maƙwabcina na sama ita ma watanta ya tsaya.